Rawar Azahar da Kurket ɗin Dare: Nishaɗin 'Ya'yan Baƙin Indiya da Pakistan a Ingila

Bahaushe ya daɗe da sanin mutanen Indiya ta hanyar majigi, tun zamanin da gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos suke cika maƙil in an sa fim ɗin Amitabh Bachchan, har ya zamana akwai matasa a birni da ƙauye waɗanda ba su taɓa taka Bombai ba, amma suna rera waƙoƙinta tiryan-tiryan. Sai dai akwai waɗansu mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash waɗanda labarinsu bai cika iso mana ba, su ne waɗanda aka haifa a ƙasar Ingila, suka yi wayo a cikin sanyinta, suka yi karatu a makarantunta, harshensu ya karye da Turancin unguwar da suka tashi, alhali kuwa a cikin gidajen iyayensu ba abin da ake ji sai Fanjabanci ko Urdu ko Gujarati ko Bangalanci. Ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021 ta nuna masu asali da Indiya sun haura miliyan 1.8, masu asali da Pakistan sun kusa miliyan 1.6, na Bangaladash kuwa sun wuce 640,000, kuma galibin samarinsu da 'yanmatansu a can aka yanke musu cibiya.

Tambayar da ta daɗe tana bin waɗannan matasa, wadda Turawa suke yi musu a kan titi, iyayensu suke yi musu a cikin gida, dangi kuma suke yi musu in sun kai ziyara Lahor ko Silhet, ita ce: ku su wane ne, kuma ina kuka dosa? Masana halayyar jama'a sun cika littattafai suna neman jawabinta a makaranta da wurin aiki da rumfar zaɓe. Ni kuwa a nawa nazarin, jawabin ya fi fitowa sarari a cikin 'yan sa'o'in nan da babu malami, babu ubangida, babu mahaifi a kan mutum, wato lokacin hutu da nishaɗi. Domin a makaranta dokar gwamnati ce take tafiyar da yaro, a gida kuma umurnin iyaye, amma kiɗan da ya zaɓa ya saurara, da wasan da ya zaɓa ya buga, da mutanen da ya zaɓa ya zauna da su bayan la'asar, duk waɗannan a hannunsa suke, a nan ne kuwa yake bayyana abin da ya riƙe na iyayensa da abin da ya saki, da abin da ya karɓa daga Turawa da abin da ya ƙi.

Ba a fahimtar 'ya'yan sai an dubi iyayen, waɗanda hutu bai shiga lissafinsu ba ko kaɗan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta yi ƙarancin ma'aikata, dokar 1948 kuwa ta bai wa mutanen ƙasashen da ta mallaka izinin shiga da zama, saboda haka manoman Fanjab suka kwararo zuwa maƙerun narka ƙarfe na yankin Bamingham da masana'antun Southall a yammacin Landan. Mutanen Mirfur ta Kashmir, waɗanda madatsar ruwan Mangla ta cinye musu garuruwa a shekarun 1960, suka cika masaƙun ulu na Biradfod. Mutanen Silhet, ta Bangaladash ta yau, kuma suka zauna a gabashin Landan suna ɗinki da sana'ar abinci. Maza ne zalla da farko, cunkushe a gida ɗaya, mai aikin rana yana tashi daga kan gado mai aikin dare yana kwanciya a kai, kowane sule da ya ragu ana aika shi gida, domin ba da niyyar zama suka zo ba, sun zo ne su tara abin gina gida da sayen gona su koma. Abin da suka sani na nishaɗi bai wuce fim ɗin ranar Lahadi ba, har ƙungiyar ma'aikatan Indiya ta Southall ta sayi gidan silima na Dominion saboda wannan buƙata. Da dokar 1962 ta fara tsuke ƙofar shiga, sai suka aika aka ɗauko mata da yara tun ba a rufe ta gaba ɗaya ba. A 1972 kuma Idi Amin ya kori Indiyawan Yuganda, kimanin 28,000 daga cikinsu suka sauka a Birtaniya, da yawa suka nufi birnin Lesta.

To, yaron da ya tashi a irin wannan gida, in ya kai munzilin samartaka ya waiwaya yana neman inda tsararrakinsa suke taruwa, sai ya tarar nishaɗin Bature ginshiƙinsa mashaya ce da gidan rawa na dare: can ake hira, can ake zuwa bayan an tashi daga ƙwallo, can saurayi yake haɗuwa da budurwa. Ɗan Musulmi ba shi da hanyar shiga nan sai ya saɓa wa addininsa. Ɗan addinin Sikh ko na Hindu da ya yi ƙarfin halin zuwa, sau da yawa mai gadi yakan tare shi a bakin ƙofa saboda launin fatarsa. Titin ma ba amintacce ba ne, domin a shekarun 1970 akwai gungun samarin Turawa masu aske kai ƙwal waɗanda suka mayar da dukan baƙi abin shagala. A Yuni 1976 aka soke wani ɗalibi ɗan shekara 18, Gurdip Singh Chaggar, a kan titin Southall. A Mayu 1978 aka kashe Altab Ali, ma'aikacin ɗinki, yana kan hanyar komawa gida a gabashin Landan. Saboda haka wajibi ne a yi wa iyayen adalci: da suka ce kada yaro ya kai magariba a waje, tsoronsu yana da hujja. Amma akwai tsoro na biyu wanda ya fi na farko kaifi, shi ne tsoron bakin jama'arsu, da kiyaye abin da suke kira izzat, wato mutuncin gida, wanda a al'adarsu kusan dukan nauyinsa a wuyan 'ya mace yake. Maganar da aka yi da safe a kantin unguwa cewa an ga 'yar wane a wuri kaza, kafin mako ya zagayo ta kai ƙauyensu a Fanjab, ta kuma taɓa auren ƙannenta.

Tun da dare ya haramta gare su, sai suka koma wa rana, kamar ruwan da aka tare wa hanya ya nemi ƙarƙashin katanga. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa cikin na 1990 aka yi wani abu a Landan da Bamingham da Biradfod da Manchesta wanda ba a saba ganin irinsa ba, wato rawar azahar. Wani saurayi mai wayon kasuwanci zai kama hayar babban gidan rawa, irin Hammersmith Palais na Landan, a ranar aiki da tsakar rana, lokacin da wurin yake fayau kuma hayarsa da araha. A sayar da tikiti hannu da hannu a kwalejoji, ba sanarwa a jarida. Ran nan yarinya za ta fito daga gida da safe cikin kayan makaranta, jakar littattafai a kafaɗa, a ƙarƙashin littattafan kuwa akwai leda ƙunshe da riga da takalma da jan baki. Ta haɗu da ƙawayenta a tashar jirgin ƙasa, suna tafe suna sunkuyar da kai duk sa'ad da motar haya ta gifta, domin direbobin tasi da yawa kawunnansu ne ko abokan iyayensu. Su shiga makewayin gidan rawar su sauya tufafi. A waje rana tana tsaka, a ciki kuwa duhu ne da fitilu masu walƙiya, ɗaruruwan matasa, wani lokaci dubbai, Sikh da Hindu da Musulmi, kafaɗu suna rawa, hannaye a sama. Da ƙarfe biyar ta gabato sai kowa ya ruga makewayi, a goge kwalliya, a mayar da kayan makaranta, a fesa turare don ɓatar da warin hayaƙin wurin, yarinya ta isa gida a daidai lokacin da aka saba ganinta, ta ɗaura zane ta taya uwarta murza gurasar dare.

Abin lura a nan shi ne irin kiɗan da suka sha wannan wahala don su ji. Da kiɗan Turawa suke buƙata, rediyo ya ishe su. Abin da ya tara su shi ne bangara, kiɗan manoman Fanjab na lokacin girbin alkama, wanda ake yi da babbar ganga mai fuska biyu da suke kira dol, ana bugun fuska ɗaya da lanƙwasasshen gula mai kauri, ɗayar da siririyar tsumagiya. Ƙungiyar makaɗa ta Alaap, wadda aka kafa a Southall a 1977, da irin su Heera da Malkit Singh, su suka ɗauko wannan kiɗa daga gidajen biki suka haɗa shi da jita da na'urorin zamani. Na bayansu kuma, waɗanda suka tashi maƙwabtan mutanen Jamaika a unguwar Handsworth ta Bamingham, irin su Apache Indian, suka gauraya shi da rege. Kaset ɗin bangara yana sayuwa ƙwarai a lokacin, amma da yake a kantunan unguwa ake sayar da shi, tsakanin buhun shinkafa da kayan yaji, masu lissafin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila ba su ma san da shi ba. Wato yaran da iyaye suke tsoron sun zama Turawa, sun tsere daga makaranta ne don su yi rawa da harshen kakanninsu, a kan kiɗan da babu shi a Indiya, babu shi a Pakistan, sai a Ingila kaɗai.

Ba ina wanke wannan al'amari ba ne. Akwai gudun makaranta a cikinsa, akwai yi wa iyaye ƙarya, akwai cakuɗuwar maza da mata ba tare da wani babba ba, akwai waɗanda suka sha abin da bai halatta ba, akwai kuma 'yanmatan da asirinsu ya tonu aka cire su daga karatu aka gaggauta aurar da su, alhali 'yan'uwansu maza da aka gani a wuri guda faɗa kawai aka yi musu, kashegari suka ci gaba da harkarsu. Wannan ma'auni biyu zalunci ne, ba shi da asali a shari'a, domin shari'a ba ta sassauta wa namiji laifin da ta tsananta wa mace a kansa ba. Amma wanda yake neman illar abu ba ya tsayawa a kan hukuncinsa kawai. Malamanmu sun yi saɓani a kan kiɗa da waƙa tun da daɗewa, kuma Imamu Gazali, a babin da ya keɓe wa sauraron waƙa a cikin Ihya'u Ulumiddini, ya sa lura da lokaci da wuri da abokan zama a cikin ladubban abin. Su waɗannan iyaye, Allah ya saka musu da alheri a kan wahalarsu, sun gina masallatai da wuraren ibada da guminsu, sun buɗe makarantun allo na bayan la'asar, amma ba su tanadar wa matashi lokacin nishaɗi ba, ba su tanadar masa wuri ba, abokan zama kuwa sai 'ya'yan dangi a ranar biki. Da hani ya yi yawa babu madadi, yaran suka samar wa kansu dukan ukun a ɓoye.

Sannu a hankali abin da yake ɓoye ya fito fili. A 1988 aka fara bikin mela na Biradfod, taron kiɗa da abinci da kasuwa a filin Allah, inda kaka da jika suke zuwa tare. A 1995 fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na Shah Rukh Khan da Kajol ya fito, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka sani sarai, labarin saurayi da budurwa ne tashin Landan, saurayin kuwa ya ƙi gudu da yarinyar sai da yardar mahaifinta. Iyaye da 'ya'ya suka zauna a falo ɗaya suka kalle shi, kowane ɓangare yana ganin an ba shi gaskiya. Talvin Singh, makaɗin tabla haifaffen Landan, ya ci kyautar kiɗa ta Mercury a 1999, waƙar Panjabi MC ta shiga sahun biyar na farko na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila a 2003. A 2002 kuma Gurinder Chadha, wadda ta tashi a Southall, ta fitar da Bend It Like Beckham, labarin 'yar Sikh da take ɓoye wa iyayenta cewa tana buga ƙwallon ƙafa, 'yanmata da yawa kuwa suka ga rayuwarsu a ciki.

Amma fagen da aka fi gwabza wannan mas'ala shi ne kurket, wasan da Turawa suka kai Indiya a zamanin mulkinsu, mutanen can suka karɓe shi har suka fi masu shi ƙaunarsa. A Afrilu 1990 wani jigo a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, Norman Tebbit, ya ce a gwada biyayyar baƙi da wannan: in Ingila tana wasa da Indiya ko Pakistan, wa suke goyon baya? Maganar ta yi zafi domin ta taɓa gaskiya ta wani gefe, tun da har yau in Pakistan ta zo wasa filin Edgbaston na Bamingham, koren tuta yakan rufe wurin, masu ɗaga ta kuwa haifaffun unguwannin da suke kewaye da filin ne, waɗansunsu ma Urdu ɗinsu ba ya kai su kasuwa. Sai dai ma'aunin nasa gurgu ne. Saurayin nan da ya shafa kore a fuska ranar Lahadi, shi ne zai sa farar rigar Ingila in ana gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, shi ne kuma zai yi kuka in Liverpool ta sha kashi. Goyon bayan Pakistan a kurket, a wurinsa, zumunci ne da mahaifinsa, wanda ya kwana a gaban talabijin a 1992 ranar da Imran Khan ya ɗaga kofin duniya bayan an doke Ingila. Rana ce guda da mahaifin yake da abin taƙama a gaban waɗanda suka raina shi.

Wanda yake son ganin yadda wasan yake a hannunsu, sai ya je filin ajiye motoci na wani babban kanti a Biradfod ko Luton bayan an rufe, musamman a daren azumi in an sauko daga tarawihi. Za a ɗauko ƙwallon tanis a naɗe ta tsaf da salatif irin na masu gyaran wuta, dabarar da aka koyo daga titunan Karaci, domin ta yi nauyi da gudu ba tare da ta fasa gilashi ko kan mutum ba. A kafa kwandon shara ko akwatin lemo a matsayin sandunan da ake karewa. Fitilun filin su ne haske. Direban tasi ya faka motarsa ya shigo layi, ɗalibin likitanci yana jifa, mai yankan nama yana bugu, ana ihu da Turanci ana zolaya da Fanjabanci, har lokacin sahur ya gabato a watse. Babu kuɗin shiga, babu farar riga, babu zaman mashaya bayan wasa, wanda shi ne al'adar kulob ɗin Turawa, shi ne kuma abin da ya sa da yawa suka kafa nasu gasannin daban.

Hukumar kurket ta Ingila da kanta ta bayyana a 2018 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu buga wasan don nishaɗi 'yan asalin kudancin Asiya ne, amma a cikin ƙwararrun da ake biya ba su wuce kashi 4 cikin 100 ba. Kulob ɗin Yorkshire, wanda Biradfod take cikin yankinsa, bai sa ɗan Asiya haifaffen yankin a babbar tawagarsa ba sai a 2004. A Nuwamba 2021 tsohon ɗan wasansa, Azeem Rafiq, ya zauna gaban kwamitin majalisar dokoki yana hawaye, ya ba da labarin cin mutuncin da ya sha, har da cewa yana ɗan shekara 15 aka danne shi aka ɗura masa giya a wani ƙaramin kulob. Duk da haka, ranar da Ingila ta ci kofin duniya a 2019, akwai Moeen Ali na Bamingham da Adil Rashid na Biradfod a cikin tawagar, da gemunsu. Da aka zo fesa giyar murna sai suka ja gefe, da aka gama suka dawo cikin abokansu, duniya tana kallo. A ganina wannan ɗan ja da baya da dawowa ya amsa wa Tebbit fiye da duk abin da aka rubuta a jaridu.

A cikin waɗannan shekaru kuma wani sauyi ya auku wanda ya raba zauren rawar azahar gida uku: Musulmi da Hindu da Sikh. Tun daga rikicin littafin Salman Rushdie a 1989, zuwa tarzomar Oldham da Burnley da Biradfod a 2001, da harin Landan na 7 ga Yuli 2005, Bature ya daina ganin ɗan Asiya kawai, ya koma tambayar wane ne Musulmi. Matasan ma da yawa suka koma bayyana kansu da addini kafin ƙasar asali. Ɗan Musulmi ya shiga karanta addininsa da Turanci, har ya fara yi wa iyayensa gardama da hujja, yana rarrabe musu abin da yake shari'a da abin da yake al'adar ƙauye, 'yanmata kuwa suka sami makami a nan wajen neman karatu da ƙin auren dole. Nishaɗi ya bi wannan hanya. Yau in ka bi titin Wilmslow a Manchesta, ko Ladypool da Alum Rock a Bamingham, da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, za ka ga shagunan askirim da kayan zaƙi da shayi mai kayan ƙamshi cike da matasa, 'yanmata masu lulluɓi teburi guda suna dariya, samari teburi guda, ga ma'aurata da jariri a keke. Waɗannan shaguna sun tsaya a matsayin da mashaya take a wurin Bature, ba tare da giya ba, uwa kuma tana iya sanin inda 'yarta take ba tare da an yi mata ƙarya ba. Waɗansu daga masu su kuwa yaran rawar azahar ne na jiya, waɗanda suka girma suka san abin da suka rasa.

Ba duka ne abin yabo ba. Gidajen shisha sun yawaita, matasa suna ɗaukarta abu mai sauƙi alhali hayaƙinta cuta ne. A daren salla kuma akan ga samari sun yi hayar motoci masu tsada suna kai da kawowa a titi ɗaya har asuba, almubazzaranci da damun maƙwabta. Abin da ya fi waɗannan muni shi ne abin da ya faru a Lesta a 2022, birnin da ake buga misali da shi wajen zaman lafiya, inda bayan wasan kurket na Indiya da Pakistan a ƙarshen Agusta, samarin Hindu da na Musulmi suka yi makonni suna arangama, jita-jitar da ake yaɗawa a intanet, har daga wajen ƙasar, tana ƙara wa wutar mai. Tsararrakin iyayen waɗannan samari sun yi rawa a zaure ɗaya shekaru talatin kafin nan. A Lesta ɗin dai kuma ake ganin kishiyar wannan: a darare tara na bikin Nabaratiri na mabiya addinin Hindu, Gujaratawa sukan cika manyan zaure suna rawar garba a da'ira, tsohuwa da jikanyarta a sahu ɗaya, babu giya, babu ɓoyo, domin manya ne suka kama hayar wurin da kansu.

An daɗe ana siffanta waɗannan matasa da cewa sun maƙale tsakanin al'adu biyu, ba su ga tsuntsu ba su ga tarko, har akwai littafin da aka buga a 1977 da suna mai wannan ma'ana. Masanin nan Roger Ballard, wanda ya daɗe yana bincike a cikinsu da kuma a garuruwan iyayensu, ya ƙi wannan siffa, ya ce gwanaye ne wajen sauya hali da harshe daidai da wurin da suka shiga, yadda mai harshe biyu yake yi ba tare da ya rikice ba. Ina tare da shi, sai dai zan ƙara cewa gwanintar tana da tsada, kuma ba kowa ne ya iya biya ba: akwai wanda ya gaji da zama mutum biyu ya yanke hulɗa da gida, akwai wanda ya rufe kansa a cikin unguwa bai san kowa ba sai irinsa. Waɗanda suka tsira da lafiya, galibinsu waɗanda suka sami wurin da za su huta a matsayin mutum ɗaya ne.

Har yanzu kuwa suna buɗe sababbin wurare. Karkarar Ingila, da duwatsunta da tafkunanta, ta daɗe tana zaman wurin shaƙatawar Turawa kaɗai, iyayen da suka baro gona don su huta da tafiyar ƙasa ba su ga dalilin hawan dutse ba tare da wata buƙata ba. A 2020 wani matashi daga Kobantiri, Haroon Mota, ya kafa ƙungiyar Muslim Hikers ta masu tattaki a duwatsu. Da suka hau dutsen Mam Tor ranar Kirsimeti ta 2021, maza da mata fiye da ɗari, suka sa hotuna a intanet, sai waɗansu suka yi musu ca da zagi, suna cewa ba wurinsu ba ne. Ba su fasa ba, tafiyar tasu ma sai ƙara jama'a ta yi, in lokacin salla ya yi su shimfiɗa darduma a kan ciyawa su yi sahu.

'Yan'uwanmu Hausawa da suke zaune a Landan da Manchesta da sauran biranen Turai da Amurka, waɗanda 'ya'yansu suke tasowa yanzu da Turanci a baki, suna kan matakin da mutanen Mirfur da Silhet suka taka shekaru hamsin da suka wuce. Ina roƙonsu, in an zauna taron ƙungiya ana karo-karon kuɗin masallaci da na malamin Islamiyya, a ware wani kaso na hayar fili da zaure saboda matasa, a tambaye su abin da suke so a yi a ciki, kuma a sa 'ya'ya mata a cikin lissafin tun daga zaman farko.